Ranar da Na Fara Shiga Kasuwar Mile 12

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Duk wanda ya zauna a Legas ya san sunan kasuwar Mile 12 da ke kan hanyar Ikorodu, domin daga nan ne akasarin kayan miyan birnin ke fitowa. Ni dai ban taɓa shiga ba sai ranar da gwaggona ta ce in raka ta cefanen bikin suna, ga shi kuɗin hannunmu ƙalilan ne.

Da sanyin safiya muka isa, amma tuni wuri ya cika maƙil. Manyan motoci na sauke tumatir daga Kano, albasa daga Aliero ta Jihar Kebbi, dankalin Turawa kuma daga Jos. 'Yan dako ɗauke da kwanduna a ka suna ta faɗin "A ba da hanya!" Ƙasa duk caɓi, ga ƙaurin attarugu mai sa atishawa.

Muka tsaya gun wani dattijo mai tumatir. Ya faɗi kuɗin kwando, gwaggo ta taya rabi. Ya ce, "Albarka, Hajiya." A nan na ga amfanin wannan kalma: maimakon ya ce "ban sayar ba", sai ya ƙi tayin da fatan alheri, ciniki kuma bai mutu ba. Ta ƙara kaɗan, ya rage kaɗan, can ya ce, "Na sallama." Ya dube ni ya ce, "Samari, buɗe jakarka," ya zuba mana gyara. Abin da ya rage ya ishe mu albasa da tattasai.

A matsayina na ɗalibin harshe, kunnena ya fi idona aiki. Na ji wata Bayarbiya na cewa "alubosa", wato albasa, tana kuma neman "jara", wato gyara. Mai kayan ya mayar mata da Yarbanci, ya juya ya yi wa wani buroka.

Wannan cuɗanya ba abin wasa ba ce. A 2021, lokacin da fataken Arewa suka dakatar da kai abinci Kudu na 'yan kwanaki, kayan miya sun yi tsada a Legas, tumatir kuma ya yi ta ruɓewa a Arewa. Ashe kowa na buƙatar kowa.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, duk mai son jin Hausar ciniki ya yi sammako, ya sa takalmin da ba ya tsoron caɓi, ya kuma fara da gaisuwa kafin tayi.