Shekara bakwai: a buɗe bakin yaro a duba

Mu mata mun san hanyar likita tun yaro yana goye. Awo, rigakafi, zazzaɓin damina, duk mu ne bisa layi da karne a hannu. Tun 2006 aka ce yaran da ba su cika shekara 5 ba a duba su kyauta a Nijar, kuma mun ci moriyar haka. Amma da yaro ya cika biyar sai karnen ya koma ƙasan akwati, ba a sake kai shi sai in ciwo ya kada shi. To daidai lokacin nan ne bakinsa ke shiga babban canji.

Haƙoran nono guda 20 ne, na girma kuwa 32. Wajen shekara 6 wasu turame huɗu kan fito can ƙurya, bayan na nono, biyu sama biyu ƙasa. Ba su tura kowane haƙori waje, shi ya sa uwa kan ɗauka na nono ne, za su faɗi. Ba za su faɗi ba, kuma in tsutsa ta cinye su babu wasu a madadinsu. Su ne ke tsai da yadda muƙamuƙin sama da na ƙasa za su riƙa haɗuwa. Daga nan sai famfara, na gaba su zube, manya su fito tsakanin shekara 6 da 8.

Dalili ke nan da ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka ta ce kada yaro ya wuce shekara 7 ba a duba jerin haƙoransa ba. Mu nan lissafin ba wuya: shekarar da yaro ke shiga lakwal. In babu takardar haihuwa, giɓin gaba ya isa shaida.

Da muka tada zancen ga wajen zubi, wata ta ce, "Ni da ke neman na hatsi, ina ni ina ƙarfen baki?" Gaskiyarta, amma ba ƙarfe ake cewa a sa ba. Dubawa ce kawai. Yawancin yaran da aka duba a wannan shekara ba a yi musu komai, sai a ce a dawo baɗi. Ƙarfen nan da ake gani a bakin ƴan birni galibi sai haƙoran girma sun kusa cika ake sa shi, wajen shekara 11 zuwa 14. Amfanin zuwa da wuri shi ne ƙashin muƙamuƙi bai ƙosa ba, yana karɓar gyara. Abin da za a tare da ɗan ƙaramin aiki a shekara bakwai, a shekara ashirin yana iya kai wa ga cire haƙori ko tiyata.

Akwai abubuwan da uwa ke gani da idonta. A sa yaro ya cije haƙora, a ɗaga leɓensa a wurin haske. In na ƙasa sun sha gaban na sama, ko haɓa tana karkacewa gefe in ya rufe baki, a kai shi. In ya cije amma na gaba ba su haɗu ba, har harshe na leƙowa, sau da yawa tsotson yatsa ne da ya wuce shekara 4 bai bari ba. In na sama sun turo waje ƙwarai, su ne ke saurin karyewa in yaro ya faɗi wajen wasa. Haka yaron da kullum baki buɗe yake numfashi, yana minshari da dare.

Wanda aka fi rainawa shi ne turmin nono da ya ruɓe. Sai a ce ai dama zai faɗi. Alhali turamen nono suna zaune har wajen shekara 10 zuwa 12, suna riƙe wa na girma wuri. In aka cire ɗaya da wuri, na bayansa ya matso, mai fitowa ya rasa hanya, ya hau kan ɗan'uwansa. Alewa da biskit ɗin bakin lakwal suna da hannu a nan.

Wushirya kuwa kada a taɓa mana ita, ado ce. Amma iyaye kada su yi saurin murna: tazarar da ake gani a bakin ɗan shekara takwas kan rufe da kanta in fiƙoƙi suka fito wajen shekara 11 ko 12.

Saura maganar hanya. Ƙwararrun daidaita haƙora ba su da yawa, kuma Yamai suka fi taruwa. Ba sai an fara da su ba. Likitan haƙori na babban asibiti, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, yana iya dubawa ya ce wannan a jira, wannan a wuce da shi gaba. Mu abin da muka tsaida shi ne, sakatariya ta rubuta sunayen ɗiyan membobi da suka shiga famfara bana. Bayan rabon asusu, sa'ad da kowa ke da ɗan abu a hannu, mata biyu su tara yaran su kai su rana guda, kuɗin mota ya fito daga akwatin taimako. Wadda aka ce ɗanta na bukatar aiki, ita ce gaba a layin rance.