Jinya a Garin Mutane

A unguwar Gat el Wad, cikin garin Tamanrasset, akwai wata mata mutuniyar ƙasar Maraɗi wadda shekara huɗu ke nan ba ta yi barcin dare guda cikakke ba. Mijinta magini ne. Ya zo neman abin kansa, ya samu, ya aika ta biyo shi. Wata safiya yana ɗaura takalmi sai ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. An karɓe shi a asibiti, an yi masa abin da za a iya, bayan mako biyu aka sallame shi. Daga ranar nan aikin ya zama nata.

Wanda bai taɓa jinya ba yakan ɗauka zama ne kurum a gefen tabarma. Ita kuwa sai ta juya shi sau da yawa cikin dare don kada gyambo ya kama masa baya. Ta ɗaga shi, ta wanke shi, ta ba shi kunu da cokali kaɗan kaɗan domin kada ya shaƙe. Garin yana kan tudu, wajen mita 1,400, saboda haka da hunturu ruwan wanki kamar ya yanke yatsa, ga shimfiɗa kuwa kullum sai an wanke. Dā tana kai ƙosai kasuwa. Yanzu a bakin ƙofa take suya, kunnenta ɗaya yana ɗaka.

Maƙwabciyarta Buzuwa ce 'yar ƙasa, ita ma tana jinyar mahaifinta wanda ya makance, ƙafafunsa kuma suka ƙi. A bakinta matar ta fara jin cewa gwamnati tana sa hannu cikin irin wannan. A watan Disamba 2010 Aljeriya ta kafa dokar kare tsofaffi. Dokar ta ɗora wa 'ya'ya nauyin iyayensu, har da horo ga wanda ya yasar da su, ta kuma ce gwamnati za ta tallafa wa iyalin da ba su da hali. A 2023 aka ƙara kuɗin mai cikakkiyar naƙasa ya kai dinari 12,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashi a shekarar dinari 20,000 ne.

Abin yabo ne, gama ƙasashe da yawa ko wannan ba su yi ba. Amma kuɗin na majinyaci ne, kuma kunzugun manya da sabulu da madara sukan cinye shi kafin wata ya mutu. Hannun da ke wanki da ɗagawa bai shiga lissafi ba. Wanda ya yi shekaru yana shara a ofis zai tsufa da fansho. Wadda ta yi shekarun nan tana sharar ɗakin mahaifinta za ta tsufa da ciwon baya.

Mutuniyar Maraɗi kuwa ko wannan ɗan abin ba nata ba ne, don tallafin na 'yan ƙasa ne. Ba ta ma je ta tambaya ba. Tun Disamba 2014 ake kwasar 'yan Nijar marasa takarda a manyan motoci a mai da su ƙasarsu ta Assamaka. Komawa gida ba ta ba ta tsoro. A gida akwai dangi da za su karɓe ta ko na yini ɗaya. Tsoronta shi ne a kama ta ta fita sayen wake, shi yana kwance a ɗaki, ƙofa a kulle. Ta yi tunanin su tafi tare da kansu, amma daga nan zuwa In Gezzam kaɗai kilomita 400 ne, kafin a ce Arlit da Agadas, ga mutum ba ya iya zama.

Mu a ikilisiya mun iya yabon irin waɗannan mata. Mukan ce ta riƙe alkawarin da ta ɗauka a gaban bagade, mu yi mata addu'a, kowa ya koma gidansa. Masu bi a Tamanrasset 'yan kaɗan ne, yawancinsu baƙi, amma garin yana da labarin da ya kamata a riƙa tunawa. Fada Charles de Foucauld, wanda aka sa cikin tsarkaka a 2022, ya zauna a nan tun 1905 domin ya yi wa Buzaye hidima. A farkon 1908, bayan fari mai tsanani, ya kwanta ciwo har ya fid da rai. Buzayen nan Musulmi, da yunwarsu, suka bi gari da daji suna neman akuyar da ke da sauran nono, suka yi ta kawo masa har ya tashi.

Wata rana da yamma matar ta kai wa maƙwabciyarta mabuɗi guda. Ta ce, “Yaya, in rana ta faɗi ba ki ji motsina ba, ki buɗe. A hagu yake fara kwanciya.” Buzuwar ta ɗaure mabuɗin a bakin mayafinta, ba ta tambayi kome ba.

Tun daga nan suka raba kwanaki. Ranar da Buzuwar za ta gidan waya karɓar kuɗin mahaifinta, mutuniyar Maraɗi ce ke zama da tsohon. Ran Lahadi kuma Buzuwar takan shigo da carbinta ta zauna wurin magini, ita ta tafi sujada. Ba ta tsayawa gaisuwa bayan an tashi, gama lokacin juya shi ya yi.