Waƙar da Ba a Shirya Ba

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sāke, rawa ma sai ta sāke. Babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar filin wasa, inda makaɗi da jama'a suke ido da ido. Duk wanda ya zauna da dattawan Maraɗi ko na Damagaram da suka ci zamanin Samariya, ya tambaye su wasannin da suka gani a gidan samari, zai lura da abu guda: ba wanda ke ba da labarin daren da kome ya tafi daidai. Abin da ya zauna musu a rai shi ne daren da kuran ya ɗauke, ko hadari ya taso, ko mawaƙi ya ambaci wanda bai so a ambata ba.

Hausawa suna da yawa, amma sunayensu kaɗan ne. A filin da ya tara mutum dubu, masu amsa sunan Sani ko Ibrahim ba su ƙirguwa, kuma da dama cikinsu sun je Makka sun dawo. Sai sanƙira ya raɗa wa mawaƙi cewa Alhaji wane ya iso, mawaƙi ya ɗaga murya ya kira sunan, sai ga mutum uku sun miƙe lokaci guda, kowa hannunsa cikin aljihu: ɗan kasuwa, da tsohon ma'aikacin duwan, da wani baƙo da ya zo garin jiya. Su dubi juna, jama'a ta fashe da dariya. Komawa a zauna abin kunya ne, don haka dukansu sai su nufi dandamali. A nan ake gane gwani. Wanda ya iya sana'arsa ba ya daburcewa. Nan take zai yanka wa kowanensu ɗan waƙa daidai da shi, ya raba su da garuruwansu da sana'o'insu, ya karɓi kyauta uku a inda ya sa ran guda. Irin wannan kaifin basira ne ya sa har yau ake jinjina wa Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, domin shi a tsakiyar fage waƙa ke zo masa.

Wani lokaci kuma yabo kan zama tonon asiri. Kusan kowane gari yana da nasa labarin magidancin da ya ce wa uwargida ya tafi gaisuwar rasuwa Tasawa, alhali kuwa yana kujerar gaba a wajen wasa. Bai san gidan rediyo yana watsa wasan kai tsaye ba. Mawaƙi ya hango shi, ya wasa shi, ya ambaci unguwarsu, har ya yaba shuɗiyar shaddar da ke jikinsa, wadda uwargida ce ta kai ta wajen mai guga da safe. Akwai kuma mushen da ya tarar da ɗalibinsa tsakiyar fili yana tiƙar rawa, yaron da ya nemi izini da hantsi wai zazzaɓi ya kama shi. Suka haɗa ido. Shi ma mushen ya bar tulin takardun jarrabawa a gida bai duba ba. Kashegari a aji, ba wanda ya tayar da maganar.

A Yamai akwai abin da ya fi wannan ban mamaki, kuma ba ƙage ba ne. A shekarun da ƙungiyar Tal National ta fitar da faifanta Kaani, wato 2013, takan yi wasa dare biyar a mako, kowane wasa wajen awa biyar. Makaɗanta suna da yawan da in buki ya haɗu da buki, sai su rabu biyu. Abokai biyu na iya kwana suna gardama, kowa yana rantsuwa cewa jiya shi ne ya ga Tal National, ɗaya a wannan unguwa ɗaya a waccan, kuma ba maƙaryaci cikinsu. Jagoran ƙungiyar kuwa, Almeida, aikin shari'a yake yi da rana. Mutum na iya tsayawa gabansa da safe gabansa na faɗuwa, da dare kuma ya taka rawa da gitar ɗinsa.

Amma sarkin waɗannan lokuta shi ne ɗaukewar wuta. Ana tsakiyar waƙa, fili ya ɗau zafi, sai ɗif! Gitar ta mutu, mikro ya mutu, fitilu suka mutu. Jama'a ta yi «aaa!» baki ɗaya, mai sono ya ruga wajen gurup da tocila a baki. Cikin wannan duhu abu guda ne bai tsaya ba: kalangu. Shi ba ruwansa da kuran. Makaɗi na matse tsirkiyarsa a hammata, fata ta ɗame murya ta hau, ya saki ta sauka, har ya fitar da hawa da saukar maganar Hausa yadda duk mai kunne zai gane baitin da ake nufi. Sai wata murya daga baya ta ɗauki amshi, goma su bi, ɗari su bi, kafin a jima fili duka ya zama ƴan amshi.

Wannan ba sa'a ba ce kawai. Haka aka gina waƙar Hausa tun asali: jagora ya bayar, ƴan amshi su karɓa, kuma amshin gajere ne, mai maimaituwa, wanda yaro ma zai riƙe tun ji na biyu. Lasifika takan rufe muryar jama'a har su manta suna da rabo cikin waƙar. Duhu ne ke mayar musu da shi. Shi ya sa in gurup ya tashi, fitilu suka dawo, akan ji wasu sun yi tsaki.

Akwai kuma shirun da ake yi da gangan. In ladan ya kira salla a masallacin da ke kusa, jagora kan ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya cak, fili ya yi tsit har a ƙare. Mutanen Agadas kuwa ba su manta watan Janairu na 2010 ba, lokacin da Bombino ya yi wasa a gindin babban masallacin garin, da yardar Sarkin Abzin, bayan an ajiye makaman tawaye. Gitar da aka daɗe ana yi wa kallon zargi, ranar a bainar jama'a ta yi kuka, tsofaffi da yara suna rawa.

Abin damuwa shi ne irin waɗannan lokuta suna ƙaranci. A yawancin bukukuwan yau, mawaƙi kan zo shi kaɗai, waƙarsa na cikin salula ko ɗan makullin kwamfuta, a kunna, shi kuma ya riƙa motsa baki. Wannan salo ma yana da nasa abin dariya. An sha ganin kira ya shigo wayar da ake kiɗa da ita, fili duka ya ji ƙarar ta lasifika, mawaƙi ya tsaya baki buɗe. In kuma wuta ta ɗauke, shi ke nan, ba abin da ya saura sai mutum riƙe da mataccen mikro. Sai dai dariyar ba iri ɗaya ba ce. Ta da, tare da mawaƙi ake yin ta. Ta yanzu, shi ake yi wa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne: biyan mutum guda ya fi biyan goma sauƙi. Amma waƙar da aka naɗa ba ta ganin wanda ya shigo, ba ta tsawaita don tsohuwa ta fito rawa, ba ta iya raba alhazai uku. Ɗan makaɗin da ya ga kalangun ubansa rataye wata da watanni, kabu-kabu zai kama, kuma ba mai ganin laifinsa. Gasar Ɗan Gurmu, da aka ƙirƙiro a 1987 da sunan shahararren mawaƙin Tawa, da cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, an kafa su ne don a samu masu kiɗa da hannu. Daga irin wannan fage ne su Sa'adu Bori da Musa Pusi suka fito, har faifansu na 1994 ya ƙetare teku.

Ba wanda ke roƙon wuta ta ɗauke. Roƙon da ake yi wa masu buki da masu shirya wasa ƙarami ne: cikin kuɗin kujeru da rumfa da lemo, a ware na mai kalangu guda da ƴan amshi biyu, a ba su wuri kusa da mawaƙi. Sauran aikin, jama'a sun san yadda ake yin sa.