Kwananmu a Otal a Kano da Kuɗin Marayu: Bayani ga 'Yan Ƙungiya

Tun bayan taron da ya gabata ake ta magana a majalisu da kuma ta waya kan tafiyar da mu uku muka yi zuwa Kano sayen kayan sallar marayu. Tambayar ɗaya ce: me ya kai mu kwana a otal da kuɗin ƙungiya alhali muna da dangi a garin? Tambaya ce ta gaskiya, kuma waɗanda suka sa kuɗinsu a asusun nan sun cancanci su ji amsa daga bakinmu.

Mun tashi daga Shadawanka bayan sallar asuba, mataimakin shugaba da ma'aji da sakatare. Muka bi ta Ningi, Birnin Kudu da Wudil, tafiyar kusan kilomita 300. Nufinmu mu isa Kantin Kwari da hantsi, mu gama ciniki, mu juyo a ranar. Mun zaɓi watan Sha'aban ne don teloli su samu kayan kafin cunkoson azumi. Sai dai motar ta ɓata mana lokaci a hanya, ba mu shiga kasuwa ba sai bayan azahar. Wanda ya san Kwari ya san ba a sayen shadda da atamfar yara arba'in da biyu a gurguje. Magariba ta yi mun sayi rabi, ga ƙunshi huɗu a gabanmu, ga sauran kuɗi a jikin ma'aji.

A nan muka tsaya shawara. Akwai dattijonmu ɗan asalin unguwa da ya daɗe a Kano, gidansa can wajen Rijiyar Lemo. Muka lissafa kuɗin A Daidaita Sahu da kaya zuwa da dawowa, muka tuna yawan iyalin da ke wuyansa, muka tuna yadda abinci ya yi tsada tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Muka ce kada mu faɗa masa da dare mu uku babu sanarwa. Ma'aji ya duba waya, ya samo wani otal mai sauƙin kuɗi kusa da kasuwa, irin waɗanda ke da rassa a garuruwa da dama. Farashin da muka gani bai tsorata mu ba.

Da muka isa sai lissafi ya canja. Na farko, ba sa barin mutum uku a ɗaki ɗaya, dole muka kama biyu. Na biyu, farashin da ke waya bai haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ba, kuma akwai wani ƙarin da suka ce na hidima ne. Na uku, babu karin kumallo a ciki. Duk waɗannan da mun yi tambaya kafin mu ɗauko kaya mu zo, da mun sani. Ba mu tambaya ba, kuma laifin namu ne. Abin da muka biya a daren ya kai kuɗin yadi da ɗinkin yara biyu. Rasit yana hannun ma'aji ga duk mai son gani.

Kada kuma mu zalunci wurin. Ɗakin tsaf yake, ruwa na zuwa, ƙofa na kullewa, an tada janareta da wuta ta ɗauke. Da safe a ƙafa muka koma Kwari, muka samu 'yan kasuwa suna buɗe shaguna, muka yi ciniki a natse. Kuɗin marayu sun kwana lafiya, kaya sun kwana lafiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu ganin duk wanda ya shiga otal ya je aikata ɓarna ne, su sani a falon wurin mun tarar da wata tsohuwa da ɗanta sun zo ganin likita, da 'yan kasuwa daga Maraɗi masu jiran kayansu.

Amma akwai abin da kuɗin ɗaki bai saya mana ba. Babu wanda ya ce mana sannu da hanya da ya wuce ta bakin aiki. Babu wanda ya tambayi abin da ya kawo mu. Mai gadi ne kawai, da ya ji Hausarmu ya ce mu mutanen Bauchi ne, ya nuna mana masallaci da mai shayi, ya kuma gaya mana tashar da za mu samu motar da za ta ɗauki kaya da rahusa. Tagar ɗakinmu katanga take kallo. Muka kwanta muna jin hayaniyar birni, ba mu san kowa ba, ba wanda ya san mu.

Abin da ya ƙara sa mu tunani shi ne unguwar da muka kwana. Kantin Kwari a Fagge yake, kuma Fagge tun asali zango ce, inda ayarin fatake ke sauka a wajen ganuwar Kano. A wancan zamani baƙon ɗan kasuwa yana da fatoma: shi zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Haka Hausawan Sabo a Ibadan suka riƙe cinikin goro da shanu, kowane baƙo da maigidansa. Otal ya gaji ɗaki da makulli daga wannan tsari, bai gaji mutumin ba.

Muna hanyar dawowa, mun wuce Birnin Kudu, sai ga wayar dattijon nan. Labari ya riga ya kai masa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce: "'Ya'yana, kun zo garin da nake kun kwana kamar marasa kowa? Wa ya ce muku tabarmata ta ƙare?" Mataimakin shugaba ya ce: "Baba, nauyi muka ji, mun ga yanayin da ake ciki." Sai ya ce nauyin gidansa shi ya san shi, da mun kira shi ya ce ba hali, da wannan magana ce daban. Ya ƙara da cewa mun hana shi ladan marayu. Muka ba shi haƙuri, muka yi shiru har Ningi.

Kuskurenmu ke nan. Ba kwanan otal ba ne kansa. Mun yanke wa mutum hukunci a kan gidansa ba tare da mun tambaye shi ba, muka kira hakan kunya. Kiran waya ɗaya ya isa. Zumunci a ƙafa yake, mu kuwa ko a waya ba mu yi shi ba.

Saboda haka muna kawo shawara uku gaban taro mai zuwa. Ɗaya, a rubuta sunayen 'yan uwanmu mazauna Kano, Jos, Kaduna da Abuja da suka yarda su sauki wakilan ƙungiya, a riƙa sanar da su kwana biyu kafin tafiya, a kuma tafi musu da ɗan abin hannu. Biyu, idan otal ya zama dole, a kira a ji cikakken farashi da haraji, mutum nawa ke kwana a ɗaki, da lokacin fita, sannan shugaba ya amince kafin a biya. Uku, mu ma nan Shadawanka mu ware ɗakin baƙi, domin mutane na zuwa Bauchi jinya da neman makaranta, da yawansu ba su da inda za su sa haƙarƙari.

Kuɗin ɗaki na biyu, mu ukun mun mayar da shi asusu daga aljihunmu. Kayan yara arba'in da biyu sun cika, suna hannun teloli. Wanda yake da gyara ya kawo shi taro ranar Lahadi bayan la'asar. Allah Ya raya marayunmu, Ya kai mu azumi lafiya.

Sakatare, a madadin wakilan tafiya.