Daren da na kai Umma cin abinci saman Alƙahira

Idan kin taɓa raka mara lafiya Masar, kin san Alƙahirar mai jinya ba ta wuce wurare uku: asibiti, kantin magani da ɗakin haya. Haka muka yi kwana goma sha ɗaya ni da Umma. Da likita ya sa ranar aikin da za a yi mata a ƙirji, sai ta daina cin abinci, ta koma jan carbi tana kallon bango. Ni da nake lallashin iyayen wasu kullum a bakin aiki, sai ga shi na rasa abin da zan ce wa tawa.

Ana saura kwana biyu na ce ta shirya, za mu fita. Ga inda na kai ta, ko ke ma wata rana za ki buƙace shi.

Hasumiyar Alƙahira tana tsibirin Jazira, a tsakiyar kogin Nilu, kusa da unguwar Zamalik. Tsawonta mita 187, ta fi babban dalar Giza tsawo. An fara ginin a 1956, aka gama a 1961, zamanin Gamal Abdel Nasser, kuma Naoum Shebib ne ya zana ta. Jikinta kamar saƙar kwando, samanta ya buɗe kamar furen bado. Can ƙoli akwai gidan abinci da ke juyawa a hankali, har sai ya nuna miki birnin duka kina zaune.

Ki kama tebur tun da wuri, ki roƙi na jikin taga, ki iso kafin magariba. Idan lokacin hunturu ne ki riƙe rigar sanyi, domin iskar barandar sama ba ta da wasa.

Wurin na masu natsuwa ne, irin na da. An shimfiɗa ƙyalle a tebur, an jera cokula da wuƙaƙe, babu mai ɗaga murya. Umma ta ƙirga cokulan gabanta ta ce, "Duk wannan na mutum ɗaya ne?" Dattijon da ke kawo mana abinci ya ja mata kujera yana kiranta Hajja. Da ta tambayi kuɗin abincin na ce an riga an biya. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini, don na san da ta ji sai mun sauka.

Daga nan za ki ga gadar Ƙasrun Nil, da jiragen ruwa masu filafilai suna tafiya kamar ba sa so. Teburin na matsawa, sai ga ganuwar Salahuddin da masallacin Muhammad Ali a gabas, tsaunin Muƙaɗɗam a bayansu. Idan hazo bai yi yawa ba, ta kudu maso yamma za ki hango dalar Giza, ƙanana kamar tulin gyaɗa. Rana na faɗuwa, hasumiyoyin masallatai suka kunna koren fitilu ɗaya bayan ɗaya.

Aka kawo miyar adas da lemon tsami, sai gasasshiyar kaza da shinkafa. Ban ce mata ta ci ba, domin na koya a asibiti cewa naci yana toshe cikin mara lafiya. Ta nuna wani wuri da yatsa ta ce, "Can ne Azhar?" Na ce ta wajen ne. Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba: mahaifinta ya so zuwa karatu can, ya sayar da shanu biyu, rashin lafiyar kakarmu ta tsayar da shi. Tana magana tana ci. Kafin mu sake zagayowa kan gadar, kwanon miya ya ƙare.

Sannan ta faɗi abin da ta kwana goma sha ɗaya tana haɗiyewa. "Idan ban farka ba, ki riƙe ƙannenki, kada gida ya watse." Ban katse ta da "ba abin da zai faru" ba, kamar yadda na saba. Na ce na ji, na ɗauka. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce a kawo mata shayi.

Kuɗin daren ya kai na cefanenmu na kwanaki, ba zan ɓoye miki ba. Amma idan kina jinya a birnin da ba naki ba, ki tambayi likita ko mara lafiyarki za ta iya fita, da abin da bai kamata ta ci ba, da sa'ar da za ta daina ci kafin aiki. In ya yarda, ki fitar da ita ko sau ɗaya. Akwai maganar da ba ta fitowa a gadon asibiti.

An yi aikin, Umma tana gida Kano yanzu, Alhamdulillah. Har yau tana gaya wa baƙi cewa wani bawan Allah ne ya biya mana kuɗin abincin.