Cinikin mota ba cinikin goro ba ne

Mu mutanen Sabo ba a koya mana ciniki. Da goro da shanu kakanninmu suka kafa unguwar nan a Ibadan, yaro tun yana ƙarami ya san taya, ya san "albarka", ya san la'ada. Amma ka kai babban ɗan kasuwarmu wurin masu sayar da motoci, sai ka ga ya zama baƙo. Huhun goro kana iya kwance shi ka duba har ƙasa, ita kuwa mota abin da zai wahalar da kai yana ƙarƙashin fenti.

Ni buƙata ce ta kai ni. Yara huɗu, ga mahaifiyarsu, ga Inna da gwiwa ta hana ta zaman motar haya zuwa Katsina. Shekara biyu ina zubin adashe saboda wannan. Abokai suka yi ta cewa in sayi Corolla, silinda huɗu ce, ba ta shan mai. Gaskiyarsu ne, don tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta wuce 500, daga baya ma ta ƙara gaba. To amma mutum bakwai da buhun tsaraba ina za su shiga a Corolla? Dole na koma kan Sienna, duk da silinda shida ce, na ce cikin gari sai in ci gaba da hawan babur ɗina.

Kafin kuɗi, takarda nake fara tambaya. Tun Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano da muka sani a da ta toshe. Mu kuma hanyarmu ta gida doguwa ce: Oyo, Ogbomoso, Ilorin, Jebba, Mokwa, ko'ina ana iya tsayar da kai a nemi takardar kwastan. Motar da ba a biya mata diti daidai ba, arharta banza ce ranar da aka sauke maka iyali a bakin titi. Akwai lamba a gindin gilashin gaba, wajen direba, haruffa da lambobi 17. Ka karanta ta ɗaya bayan ɗaya, ka tabbata ita ce a takarda.

Wuri huɗu na zaga. A na ukun, ina sauka na ji yaran wurin suna ce wa juna da Yarbanci ga Alhaji ya zo, a ƙara masa. Hular kaina suka gani, ba su san a nan aka yanke mini cibiya ba. Na bari suka gama, sannan na gaida maigidansu da Yarbancin da ya fi nasu. Dattijo ya yi dariya har da buga cinya, ya kori yaran, ya jawo mini kujera. Ashe tsakanina da shi dillalai biyu ne, kowa ya ɗora nasa.

Washegari da sassafe na koma da bakanikena, wanda ni na biya shi kuɗin yininsa, don kada ya jira ihsani daga ɗaya ɓangaren. Ya sa aka tayar da inji yana sanyi, ya duba hayaƙi, ya ɗaga kafet ya shinshina, saboda cikin tokunbo akwai waɗanda ambaliya ta ci a Amurka aka yi gwanjonsu. Wannan lafiyarta ƙalau, sai dai shokazoban baya sun mutu, tayoyi biyu sun suɗe. Da waɗannan na yi taya. Na ce, "Baba, ka cire mini kuɗin gyaran nan, yau ɗin nan in biya." Ya ce albarka. Na miƙe na yi sallama, wallahi zuciyata na kan motar, amma ban waiwaya ba. Bayan la'asar ya kira ya ce in zo, ya sallama.

Abin da ya rage mini na kai Agodi Gate na sayi shokazoba, na sa tayoyi. Inna ta riga ta zaɓi kujerar tsakiya ta wajen ƙofa, wai nan ne za ta miƙe ƙafa. Mai son bakaniken nan ya same ni a masallaci bayan magariba, sai in haɗa su.