Ajin Alhamis a Gindin Tsamiya

Malamin firamare a ƙauye ba ya tashi aiki don an kaɗa ƙararrawa. Na san haka ne a shekarun da na yi ina koyarwa a wani ƙauye da ke bakin fadamar kogin Haɗeja, bayan na gama NCE. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma tilas, amma doka ba ta kiwon awaki, ba ta korar tsuntsu daga gero. Da damina ajina yakan koma rabi, ranar kasuwa kuwa 'yan mata su watse talla.

Lissafi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Akwai wata 'yar aji huɗu, in na rubuta ɗebewa a allo sai ta yi tsuru-tsuru. Ita ce kuma mai ƙosai a bakin masallaci, mutum uku su saya a lokaci guda, ta lissafa da ka, ta miƙa wa kowa canjinsa, ko naira ba ta ɓacewa. Yarinyar ta iya lissafi sarai, yaren allo ne bai shige ta ba.

Sai na yi shawarar buɗe wani aji a wajen makaranta, na je gaida alaramman ƙauyen. Ban so a ce ɗan boko ya zo janye yara daga karatun allo, don haka na roƙi yammacin Alhamis, ranar da almajirai ke hutu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, in dai za ka sallame su kafin magariba, Allah ya yi albarka."

A gindin tsamiya muke zama. Na ari mudu da tiya muna auna dawa, su faɗi amsa da baki kafin su rubuta. Mun auna filin makaranta da igiya, mun shuka wake a gwangwanin madara, ɗaya a rana ɗaya a ɗaki, suna leƙawa kullum. In an gaji na karanta musu Magana Jari Ce ta Abubakar Imam. Waɗanda suka iya ajami sukan rubuta sunansu da shi, sannan su sake da boko a ƙasa, har wani yaro da ake kira daƙiƙi ya zama shi ke nuna wa wasu.

Ranar da ta fi zauna mini a rai ita ce ranar da maƙerin gari ya zo da zugazuginsa. Na ce, "Baba, yau kai ne malami." Ya zuga, gawayi ya yi ja, ya tsaya, wutar ta lafa, ya tambaye su dalili. Darasin iska da wuta da na sha fama da shi a aji ya shiga nan take. Dattijon nan, a da in an kira taron iyaye ba ya zuwa, don a saninsa makaranta ba ta kiran mutum sai za a ce kawo kuɗi. Shi ne daga baya ya shiga kwamitin kula da makaranta na SBMC, ya tara matasa aikin gayya aka gyara rufin ajin da iska ta yaye.

Iyaye mata kuwa ta hannun maiɗakina da ungozoma muka same su. Ba mu ce a bar talla ba, da shi ake haɗa kayan ɗakin yarinya, kuma wanda ya raina wannan bai san zaman ƙauye ba. Abin da muka roƙa a jinkirta shi zuwa bayan an tashi makaranta. Da yawa sun yarda, wasu sun ƙi.

Ko kwabo ba a ƙara mini kan wannan aiki ba, masu duba makarantu ma rajista kawai suke buɗewa. Abin da ke hana ni barci yanzu shi ne ƙaramar sakandare tana tsallaken ruwa, kuma in kogi ya cika iyaye ba sa barin 'yan mata su haye. Dagaci ya kira zama bayan kaka kan maganar kwalekwale, ni aka ɗora wa rubuta sunayen yaran da suka gama aji shida.